Ajiyar Ko-ta-kwana: Rumbu, Adashi da Banki a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan suna arewacin Jihar Kaduna ne, cikin masarautar Zazzau, dab da iyakar Jihar Kano. Ƙasa ce ta noma, damina da rani. Makarfi ta yi suna wajen rake, har da wuya a ambaci rake a Arewa ba a tuna da kasuwarta ba. A fadamun Kudan da Hunƙuyi ma ana noman rake da tumatir da tattasai. Ikara kuwa yawan tumatirinta ne ya sa aka kafa masana'antar sarrafa shi a garin cikin 1981, ko da yake masana'antar ta shafe shekaru masu yawa a rufe.

Duk wanda ya lura da tattalin arzikin wannan yanki zai ga cewa kuɗi suna shigowa gida ne a dunƙule, sau biyu ko uku a shekara, alhali buƙata kullum tana bakin ƙofa. Rake yakan yi kusan shekara a gona kafin a sare shi. Tumatirin rani yakan nuna kusan lokaci guda, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da kowa ke da shi, farashinsa ya faɗi warwas. Masara da dawa da waken suya sai da kaka. Amma cefane da magani da kuɗin makaranta da taki ba su san kaka ba, ba su san rani ba. Ajiya ita ce ke cike giɓin da ke tsakanin ranar samu da ranar buƙata, kuma yin ta ilimi ne mai ƙa'idoji da lissafi kamar kowane ilimi.

Mece ce ajiyar ko-ta-kwana?

Ajiya iri biyu ce. Akwai ta buri, wato wadda ake tarawa domin wani abu sananne mai lokaci, kamar aure, ko gini, ko sayen injin ban-ruwa, ko aikin Hajji. Akwai kuma ta ko-ta-kwana, wadda ake keɓewa domin abin da ba a sa masa rana ba: rashin lafiya, gobara, mutuwar sa na huɗa, lalacewar amfanin gona, ko tsayawar albashi. Mutane da yawa sukan haɗa su wuri guda, shi ya sa da zarar ciwo ya shigo gida sai kuɗin gini su tafi asibiti, ginin ya tsaya a linta shekara da shekaru.

Irin wannan rana ba baƙuwa ba ce a yankin. A 2016 wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai suna Tuta absoluta, wanda manoma suka laƙaba wa suna sharon, ya auka wa gonakin tumatir a Arewa. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, kuma tsutsarsa takan shige cikin ganye da 'ya'yan tumatir ta yi ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai mata sosai. A watan Mayu na shekarar Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, jami'anta suna cewa ɓarnar ta shafi kimanin kashi 80 cikin ɗari na gonakin. Masu albashi ma ba su tsira ba. A ƙarshen 2017 da farkon 2018 gwamnatin jihar ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji da ta yi masu. Ko mene ne ra'ayin mutum game da matakin, gidajen da abin ya shafa sun wayi gari babu albashi, tukunya kuwa ba ta daina neman abin dafawa ba.

Wanda irin wannan ta same shi babu tanadi, hanyoyin da suka rage masa duk masu tsada ne. Ko ya sayar da rakensa a tsaye tun bai ƙosa ba, dillali ya saya a yadda ya ga dama. Ko ya jinginar da gona. Ko ya kai akuya kasuwa ranar da masu saye suka karanta matsuwa a fuskarsa. Ko ya ci bashin da zai biya da hatsi a farashin kaka. A kowane hali yakan yi asara sau biyu, ta musibar da ta faɗo da ta gaggawar sayarwa. Ta farkon ba ta da makawa. Ta biyun ce ajiyar ko-ta-kwana ke karewa.

Nawa ya kamata a ajiye?

Ba da naira ake fara auna wannan ajiya ba, da watanni ake aunawa. Mataki na farko shi ne maigida ya zauna da uwargida su rubuta abin da gidan ba zai rayu wata guda babu shi ba: hatsi, kayan miya, makamashi, sabulu, magani, kuɗin mota da na makaranta. Anko da gudummawar biki ba sa ciki. Masana harkar kuɗi sukan ba mai albashi shawarar ya tara abin da zai riƙe gidansa wata uku zuwa shida. Manomi kuwa lissafinsa daban ne. Shi sai ya dubi watannin da aljihunsa ya fi bushewa, wato daga lokacin sayen taki a Yuni zuwa shigowar sabon amfani a Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara.

Alal misali, a ɗauka malamin makaranta ya gano cewa larurar gidansa ta wata naira 80,000 ce. Ta wata uku ta zama 240,000 ke nan. In yana cire 8,000 kowane wata, sai ya yi wata 30 kafin ya kai, wato shekara biyu da rabi. Wannan lissafi yakan karya gwiwar mutane da dama, amma bai kamata ba, domin tun a wata na goma ya riga ya mallaki abincin wata guda, kuma ko wannan kaɗai ya isa ya hana shi zuwa ƙofar mai ba da bashi ranar da yaro ya kwanta. Abin lura shi ne lokacin cirewa. Mai albashi ya cire ranar da albashi ya shigo, manomi ya cire ranar da aka biya shi kuɗin motar rake, tun kafin labari ya zaga gari. Wanda ya ce sai abin da ya saura a ƙarshen wata zai ajiye, galibi ba ya samun saura.

Kowace ma'ajiya da ƙwaron da ke cin ta

Manomi ya san cewa rumbu yana da abokan gaba: ɓera, gara, ƙwari da danshi. Haka kowace ma'ajiyar dukiya take. Ana auna ta da abu uku: amincinta daga sata da salwanta, saurin samun abin da aka ajiye ranar buƙata, da riƙe darajarsa in lokaci ya yi tsawo. Babu ma'ajiya ko ɗaya da ta haɗa ukun.

Kuɗin da aka ajiye a ɗaka, cikin asusun laka ko gwangwani ko ƙarƙashin katifa, sun fi kowane saurin samuwa. Amma ban da ɓarawo da gobara da gara, suna da wani haɗarin da tarihi ya maimaita. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta sauya launin takardun naira, ta ba da 'yan kwanaki ƙalilan a canja, mutanen karkara da yawa suka tashi da takardun da ba sa sayen komai. A Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya sake ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairu 2023 a matsayin wa'adi, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Jihar Kaduna tana cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, tare da Kogi da Zamfara, kuma a ranar 3 ga Maris kotun ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun.

Darasin 2023 fuska biyu gare shi, kuma ta biyun an fi mantawa da ita. Mai kuɗi a ɗaka ya shiga firgicin kada su mutu a hannunsa. Mai kuɗi a banki kuma ya kasa fitar da su: layi ya yi tsawo a Zariya, tura kuɗi ta waya yana maƙalewa, masu POS suka tsawwala caji har ya zama ana sayen naira da naira. Abin ya zo daidai da kakar tumatir, kayan da ba ya jiran kowa.

Babban ƙwaron kuɗi dai shi ne hauhawar farashi, domin shi ba ya fasa ɗaki, ba ya taɓa ƙulli, adadin yana nan yadda aka bar shi, amma abin da zai iya saye ya ragu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da rahoton cewa a Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, kayan da aka saya naira 100,000 a Disamba 2023 sun koma 134,800 bayan shekara guda. Wanda ya ɓoye 100,000 a katifa, in aka raba 100,000 da 134,800, za a ga kashi 74 cikin ɗari na kayan kawai zai iya saye; rubu'in dukiyarsa ya tafi ba tare da kowa ya shiga ɗakinsa ba. Akwai wata gajeriyar dabara da ɗalibai za su riƙe: a raba 70 da adadin hauhawar farashi, amsar ita ce kimanin shekarun da farashi zai ninka. In hauhawar 35 ce, shekara biyu ke nan. In 10 ce, shekara bakwai. Dattawa sun ga wadda ta fi wannan muni a 1995, lokacin da ta haura kashi 70.

Saboda haka ne mutanen karkara suka daɗe suna mai da kuɗinsu hatsi da dabbobi, kuma hikima ce babba, domin buhun masara yana tashi tare da kasuwa, in ta ƙi kuma a ci shi. Buhunan nan masu ruɓi uku da ake kira PICS, waɗanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da magani ba, sun rage asarar ajiya ƙwarai. Sai dai farashi ba hawa kaɗai ya iya ba. Waɗanda suka sayi masara da tsada a kakar 2024 suna jiran ta ƙara tashi, sun ga farashinta ya yi ta gangarowa cikin 2025, wasu ko uwar kuɗinsu ba su mayar ba. Hatsin da aka ajiye domin ci garkuwa ne. Wanda aka ajiye domin riba kasuwanci ne, yana iya ci yana iya faɗuwa. Dabba kuma tana haihuwa, amma tana ci, tana ciwo, ana sace ta, kuma ba a yanke ƙafar tunkiya a sayar domin biyan kuɗin allura.

Adashi fa? Amfaninsa a fili yake: yana tilasta wa mutum zubi, domin kunyar idon jama'a ta fi ƙarfin niyyar zuci, kuma mata da yawa da shi suka yi kayan ɗakin 'ya'yansu. Amma kwasa tana da rana, ciwo kuwa ba shi da ita, sai fa in uwar adashi ta tausaya ta sauya layi. Wanda ya kwasa a ƙarshe kuma ya karɓi kuɗin da hauhawar farashi ta riga ta gutsura. Don haka adashi ya fi dacewa da ajiyar buri.

Asusun banki da yadda yake aiki

Asusun da ya shafi mai tanadi shi ne asusun ajiya. Akwai na hada-hadar yau da kullum wanda 'yan kasuwa suka fi amfani da shi, akwai kuma ajiyar ƙayyadadden lokaci, inda ake kulle kuɗi na wasu watanni, wanda ya fasa kafin lokaci ya rasa wani ɓangare na abin da zai samu. Tun 2013 Babban Banki ya kasa asusu hawa uku domin sauƙaƙa wa talaka: hawan farko ba ya buƙatar takardu masu yawa, amma an iyakance abin da zai iya ɗauka. A 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda ke haɗa dukkan asusun mutum da zanen yatsunsa, kuma daga ƙarshen 2023 aka wajabta haɗa ko da ƙaramin asusu da BVN ko lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN. Ɗalibin da bai kai shekara 18 ba, mahaifi ko mai kula da shi ne zai buɗe masa.

Banki ba ya maganin hauhawar farashi, yana dai rage zafinta. A ƙa'idar da aka maido a 2022, mafi ƙarancin kuɗin ruwan asusun ajiya shi ne kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da Babban Banki ya tsayar. A ƙarshen 2024 ma'aunin yana kan 27.5, wato mai ajiya yana samun kimanin kashi 8. Ko da an ɗauka ya samu hakan shekarar gaba ɗaya, 100,000 ɗinsa ta zama 108,000, kayan kuwa sun kai 134,800. Ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ga kuma ƙananan caje-caje na saƙon waya da na kati. Abin da ake saye a banki shi ne aminci, ba riba ba.

Da yawa daga mutanen yankin sun guji banki saboda haramcin riba. Wannan uzuri ya ragu tun da bankin Jaiz ya fara aiki a Janairu 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, TAJ ya biyo baya a 2019, sai Lotus a 2021. A irin waɗannan bankuna mutum yana iya ajiye kuɗinsa amana ba ƙari ba ragi, ko ya shiga tsarin mudaraba, inda banki ke juya kuɗin a halastaccen kasuwanci a raba riba.

Wani tsoron kuma shi ne rushewar banki, kuma yana da tushe. A Janairu 1998 aka soke lasisin bankuna 26 rana ɗaya. A gyaran 2005 bankuna 89 suka koma 25, har Bank of the North, wanda ma'aikatan Arewa da dama suka karɓi albashi ta cikinsa, ya narke cikin Unity Bank. Domin irin wannan aka kafa Hukumar Inshorar Kuɗin Ajiya, NDIC, a 1988. Aikinta shi ne ta biya mai ajiya har zuwa wani adadi in bankinsa ya mutu. A 2024 ta ɗaga adadin daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, ta mai da na ƙananan bankuna masu ba da ƙaramin rance miliyan 2. Ba a jima ba aka gwada tsarin: a Yuni 2024 aka soke lasisin Heritage Bank, hukumar ta bi lambar BVN ta gano asusun masu ajiya a wasu bankuna ta tura masu haƙƙinsu. Waɗanda kuɗinsu ya haura miliyan 5 sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Babban dillalin rake da ke tara miliyoyi da kaka, gara ya raba su a banki biyu.

Da yake yawancin rassan bankuna suna Zariya, mutumin Paki ko Gimi ko Likoro ya fi hulɗa da mai POS da ke bakin kasuwa, kuma sauƙin da aka samu ba kaɗan ba ne. Sai dai sauƙin ya zo da sakaci. Ana ganin dattijo ya miƙa kati ya faɗi lambar sirri da ƙarfi a gaban jama'a, ko ya bar katin a hannun yaron shago. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai bugo waya ya nemi lambar sirri ko lambar nan da ake turowa ta saƙo. Duk wanda ya nema ɓarawo ne, komai daɗin bakinsa. A nan ɗalibin sakandare yana da aiki a gidansu, domin sau da yawa shi ne mai karanta wa iyaye saƙon banki. Ya kamata kuma wani amintacce a gida ya san bankin da ajiyar take, saboda asusun da aka shekara ba a taɓa ba yakan kwanta, magada kuma sukan sha wahalar wanda ba su san da shi ba.

Inshorar NDIC ba ta shafi kamfanonin da ke alkawarin ninka kuɗi ba. MMM, wanda ya yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ya rufe asusun mutane a Disamba 2016. CBEX ya durƙushe da dukiyar jama'a a Afrilu 2025. Lissafi kaɗai ya isa ya tona asirinsu: kashi 30 a wata, in ana juya shi, ya ninka kuɗi fiye da sau 23 a shekara, kuma babu gonar rake ko masana'antar da ke haifar da haka. Da kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi, ranar da sababbi suka ƙare magana ta ƙare. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Raba ƙafa

Tun da kowace ma'ajiya tana da rauninta, dabarar ita ce a rarraba ajiyar gwargwadon saurin da za a buƙace ta. A riƙe tsabar kuɗin kamar mako ɗaya ko biyu a gida, domin daren da za a nemi mota zuwa asibiti ko ranar da sabis ya ɗauke. Kaso mafi tsoka ya zauna a banki mai lasisi, a asusu daban da wanda ake cefane da shi, in da hali ma ba tare da an haɗa shi da wayar hannu ba, domin ɗan wahalar cirewa kariya ce daga son zuciya. Abincin gida na watannin damina ya zauna a hatsi, inda hauhawar farashi ba ta iya masa komai. Abin da ya ƙaru bayan wannan shi ne na tunkiya, ko adashi, ko takardun lamunin gwamnati irin su sukuk, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara fitarwa a 2017, domin su sukan kulle kuɗi shekaru.

Sau ɗaya a shekara, bayan kaka, sai a sake lissafin larurar wata, domin ajiyar da ta isa wata uku bara tana iya zama ta wata biyu bana. In an taɓa ta kuma, a mai da gurbi kafin a koma kan gini.

Aikin aji

Malamin lissafi ko na tattalin arziki yana iya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki kasuwa guda, ta Makarfi ko ta Ikara ko ta Hunƙuyi, ya riƙa rubuta farashin tiyar masara da ta wake da kwalbar man gyaɗa da kwandon tumatir sau ɗaya a wata har zangon karatu uku. A ƙarshe su zana jadawali, su fitar da kashin da kowane kaya ya hau ko ya sauka, sa'an nan su lissafa tiya nawa naira 10,000 ta saya a watan farko, tiya nawa kuma ta saya a na ƙarshe.